Ɗaurin Da Kaka Ta Bari A Ikot Ekpene

Ni ɗan kasuwa ne, kuma kasuwa ta koya mini in fi yarda da kwaɗo a kan rantsuwa. Shagona na manja da ke Dilimi a Jos ƙofar ƙarfe gare shi, da sakata ciki da waje, ga maigadi da muke haɗa wa albashi ni da maƙwabtana. Duk da haka, da wuya in durƙusa da yamma zan datse kwaɗon nan ban tuna da wata tsohuwa ba, wadda ta sha gaya mini cewa a garinsu ganye guda ya isa ya yi wannan aikin.

Kakata ce, mahaifiyar Innata. A Anguwan Rogo kowa Iyan Kalaba yake ce mata, ita kuwa har ta bar duniya ba ta taɓa amsa sunan da daɗin rai ba. "Ni da Kalaba ko a mafarki," haka take cewa. "Ku mutanen nan, duk wanda ya ci miyar ganye da manja kun mayar da shi ɗan Kalaba. Ni Annang ce, garinmu Ikot Ekpene." Sunanta na gida Adiaha, Hajara kuma shi ne wanda ta ɗauka da ta musulunta. Kakanmu Malam Sule falke ne, yana kai albasa da busasshen kifi kudu ya dawo da manja. A can ya gan ta. Lokacin kuza na tashe, ya lura leburorin Jos ba abin da suke nema kamar man miya, sai ya ɗauko amaryarsa suka zo suka kafa tukunya a nan. Ni ban riske shi ba. Ita na riska, gajeruwa, mai faɗin kafaɗa, da farcen babban yatsa mai kauri wanda ba ta yarda a yanke mata shi.

Wanda bai yi damina a Jos ba ba zai gane abin da ya sa muke son madafin Kaka ba. Ruwa yakan wuni yana tsiyaya, sanyi ya shiga har cikin haƙori. Da an yi Magariba an ci tuwo, sai mu tsallake tsakar gida a guje, ni da yayata Talatu da 'ya'yan maƙwabta, mu cusa kai cikin ɗan ɗakin kwanon nan mai ƙaurin hayaƙi da manja. Takan bar itace ya ci ya zama garwashi, ta jera masara a kai, ta miƙe ƙafafu.

"Mijin nawa ya zo hannu rabbana?" in ji ta, da ta gan ni. "Ko ƙirare bai riƙo ba. Talatu, duba mini wani mijin a layin nan."

"Ni ai tun jiya na sake ki," in ji ni.

"Ka sake ni, ka dawo cin masarata? Zauna, matsiyaci."

Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. Takan ce wa namiji "ta zo", ta ce wa akuya "ya tafi", mu yi ta dariya, ita ko a jikinta. Amma in ta fara labarin garinsu ba mai ƙara jin kuskuren. Ni ne mai yawan tambaya. Yaya za a ce akwai garin da ruwan sama ba ya hutawa fiye da na Jos? Ta ce namu yayyafi ne. Da me suke ciniki? Ta ce tana yarinya kuɗinsu ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar munduwa, in mutum ya sayar da kaya da yawa sai ya nemi mai taya shi ɗaukar kuɗin. Wace rana ce kasuwarsu? Ta ce kasuwarsu ba ta san Litinin ko Juma'a ba, makonsu kwana takwas ne, haka take zagayowa. Ta ce garin a mahaɗar hanyoyi yake, mai zuwa Aba da mai zuwa Uyo da mai gangarawa Kalaba duk sai sun taka shi, shi ya sa Turawa ma da suka zo can suka kafa ofishinsu, suna sayen manja da ƙwararsa.

Amma abin da ta fi alfahari da shi tukurwa ne. Mu a nan gwangwalarta kawai muka sani, ta rufin ɗaki da gado. Ita kuwa ta ce a garinsu tukurwa uwa ce. Daga ɗanyen ganyenta ake ɓare zare, a shanya, a rina, maza su hau masaƙa su fitar da tabarma da jaka da hula, har da zanen ɗaurawa. Mahaifinta masaƙi ne, ita ce mai ɓare masa zare. Sai ta ɗaga babban yatsan nan a hasken wuta. "Wannan farcen ya ciyar da gida kafin a haifi uwarku. Ku ce in yanke?"

Wani abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, a tatsuniyoyinta babu Gizo. Na tambaye ta, ta ce Gizo bai taɓa zuwa garinsu ba, wai yana tsoron ruwa. Su Kunkuru ne ɗan iskansu. Kuma cikin labaran Kunkuru akwai guda da ba ta gajiya da shi.

"Ga ta nan ta taso daga garin ruwa, da kaya a ka," in ji ta.

"Ta sauke mu taya!" mu amsa.

Wai a da can, kafin a yi gari, wurin mahaɗar hanyoyi ce kawai a cikin kurmi. Masu doya su fito ta nan, masu gishiri da kifi su hauro daga bakin ruwa, masu manja da masaƙa su ɓullo ta can. Suna haɗuwa, amma ba a watsewa sai an fasa kan wani, domin kowa da addarsa a hannu. Akwai wata tsohuwa mai sayar da tukwane, duk faɗan da aka yi a kan kayanta yake ƙarewa. Ran da ta gaji, ta sa aka saro mata tohon kwakwar manja, ganyen nan na tsakiya wanda bai buɗe ba, mai ruwan ɗorawa. Ta ƙulla shi, ta ajiye tsakanin masu faɗa, ta ce duk wanda ya tsallake wannan ya tsallake cikin da ya haife shi. Addunan suka sauka. Dattawa suka ga abin ya yi, suka mayar da shi doka. Sunan ganyen ajei. Duk abin da aka ƙulla wa ajei, kaya ne ko gona ko itace, ba mai taɓa shi. Wanda aka ɗaure wa ba ya taɓawa, wanda ya ɗaura ma ba ya taɓawa, har sai dattawa sun zauna da ɓangarorin biyu an kwance a gaban kowa. Daga nan baƙi suka saki jiki. Mai rumfa ya kafa rumfa, mai ɗaki ya yi ɗaki, kasuwa ta haifi gari.

Sai Kunkuru. Shi manja yake sayarwa, tsohon ajiya mai maƙaƙi, ba mai saye sai wanda ya rasa. Ran jajibirin kasuwa ya saro toho ya bi tulunan manjan kowa ya ƙulla musu, ya bar nasa. Gari ya waye, masu manja suka tsaya cirko-cirko, kowa na tunanin wa ya yi ƙararsa. Kunkuru ya sayar da nasa yadda ya ga dama, ko gyara babu. Da ya ji daɗi ya sake, ya kuma sakewa, har baƙi suka fara cewa me za mu je yi a kasuwar da komai nata a ɗaure yake. Ciyawa ta fara cin hanyoyi.

A nan Kaka takan tsaya ta juya masara, ta bar mu muna mutsu-mutsu.

"To, wa zai gaya mini yadda aka kama shi?"

"An yi masa kwanto!" in ji Talatu.

"Dattawa ba sa kwanciya a ciyawa, yarinya. Ido suka sa."

Wai sun lura duk ƙullin a gindin tulu yake, dab da ƙasa. Mutum in zai ɗaura, a wuyan tulu yake ɗaurawa. Wannan aikin gajere ne. Aka kirawo Kunkuru. Ba a doke shi ba, ba a ci shi tara ba. Aka saro toho aka naɗe shi da shi tun daga wuya har wutsiya. Shi ke nan, ba mai saye a wurinsa, ba mai sayar masa, ba mai amsa gaisuwarsa, ko wuta ya je ɗiba sai a juya baya. Haka ya yi ta yawo har ganyen ya bushe ya nutse cikin bayansa. Shi ya sa har yau bayan Kunkuru kamar saƙa, shi ya sa yake tafiya shi kaɗai, in ya hango mutum ya ɓoye fuska.

"Ƙurunƙus," in ji Kaka, "kan Kunkuru ya koma ƙoƙonsa."

Sauran yara sun gamsu. Ni ban gamsu ba.

"Kaka, ai ganye ne. In na zaro wuƙa na yanke, me zai same ni?"

"Ganye ba shi da haƙori, mijina. Waɗanda suka ga ka yanke su ne masu haƙori."

"In ba wanda ya gani fa?"

"Kai ba ka gani ba? Kai ba mutum ba ne?"

Ba a tatsuniya kaɗai ta bar abin ba. Jos babu kwakwar manja, sai take zare kaba daga tsohon faifai. Na taɓa ƙera mota da gwangwanin madara, Talatu ta ce gwangwanayen nata ne, muka kaure har ta yage mini riga. Kaka ta shiga tsakaninmu. Ta karɓi motar, ta ƙulla mata kaba, ta ajiye a kan turmi a tsakar gida, inda hannun kowa zai kai. Wuni na yi ina zagaya turmin nan. Ba kowa a gidan, Kaka ta tafi barka. Na tsuguna na ƙare wa ƙullin kallo, ƙulli ne da ɗan yaye ma zai warware. Har yau ban san abin da ya riƙe mini hannu ba. Da yamma ta zaunar da mu ta yanke hukunci: mota tawa, amma Talatu ce direba ran Juma'a.

Wata rana da yamma ruwa ya hana 'ya'yan maƙwabta zuwa, daga ni sai ita sai Talatu da ke gyangyaɗi. Na ce mata, ita ta taɓa ganin an ɗaura ajei na gaske? Ta daɗe tana tona garwashi kafin ta amsa.

Ta ce mahaifinta ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, ita ce ta tashi tana bin sa fadama. Saboda haka ya yanki wani gefe na fadamar tukurwarsa ya ba ta kyauta a gaban shaidu. Da maganar aurenta da Bahaushe ta taso, ƙanen mahaifinta ya ce sam, macen da za ta tafi wata uwa duniya ba ta tafiya da fadama, a mayar da ita cikin ta gida. Magana ta yi zafi har 'ya'yansa suka fito da adduna. Mahaifinta ya saro toho ya ƙulla a bakin fadamar. Aka ce sai ta dawo ganin gida dattawa su zauna, tunda magana a kanta ce.

"Na ce in na haihu zan je. Na haihu, na ce bari yarinya ta yi ƙwari. Sai wani cikin. Sai yaƙi ya zo ya rufe hanya, labari ya yanke. Da hanya ta buɗe kuma sai kunya. In je in ce musu me? Harshen ma ya fara guduna."

"To yanzu fadamar ta wa ce?"

"Abin da nake tambayar kaina ke nan. In ka girma, ka je ka duba mini ko sun kwance."

"Kaka, ganyen ai ya ruɓe tun kafin a haifi Inna."

"Je ka duba dai. Miji nagari ba ya gardama da aike."

Na yi dariya, ita ma ta yi. Amma na ga ta share ido da gefen zani ta ce hayaƙi ne.

Ta rasu ina saurayi, lokacin ina dakon kwandunan tumatir a Farin Gada. Daga dako na koma saye da sayarwa, daga nan na fara tura dankalin Turawa da kabeji kudu, mota ta dawo mini da jarkokin manja. Allah ya sa wa abin albarka. Shekaru ina zuwa Aba sari, ina ganin motocin Ikot Ekpene a tasha suna kiran fasinja, ban taɓa shiga ba. Ba mantawa na yi ba. Ɗan kasuwa ne ba ya son tafiyar da ba riba. Sai da Inna ta yi wata jinya mai tsanani ta tashi, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Kaka, ta kira ni ta ce, "Kai da kake zuwa har bakin ƙofarsu, aiken tsohuwar nan fa? Ko sai na je na same ta ta tambaye ni?" Wannan maganar ce ta sa ni a mota.

Na shiga garin da tatsuniya a kaina, sai na tarar da gari kamar kowane gari. Kwalta, Keke Napep, shagunan waya, coci a kowane lungu, bankuna, masallacin 'yan Arewa a gefen da ake sayar da albasa da shanu. Amma mahaɗar hanyoyin tana nan yadda ta faɗa, motoci na kwararowa ta kowace fuska. Kasuwa cike da manja da garin rogo da busasshen kifi da ganyayen da ban san sunansu ba. Na nemi layin masu kayan tukurwa, na same su, jakunkuna da huluna da takalma da tabarmi masu launi, aiki mai kyau ƙwarai. Na ɗaga wata jaka ina juyawa da idon ɗan kasuwa. Mai rumfar ya ce mini yanzu sai baƙi da masu biki ke saye, roba da leda sun cinye kasuwar yau da kullum, samari kuma sun fi son tuƙin keke a kan zaman masaƙa.

Akwai wata mata da na daɗe ina sarin manja a hannunta ta waya, Madam Eno, 'yar garin ce. Ita na nema. Da Turancin kasuwa muke magana. Na gaya mata ina neman gidan wani masaƙi mai suna Udo, mai 'ya Adiaha. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Alhaji, ka zo Jos ka ce kana neman gidan Malam mai 'ya Hajiya! A nan duk ɗa na biyu Udo ne, duk 'yar fari Adiaha ce. Ni kaina Adiaha ce. In dukiyar gado ka zo rabawa, ka ba ni in huta."

Sai na ce, to, ko ta san wata fadamar tukurwa da aka ɗaure da ajei tun da daɗewa, saboda wata da ta auri ɗan Arewa? Dariyar ta tsaya. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya koya maka wannan kalmar?"

"Kakata."

Ta juya ta yi wa maƙwabciyarta magana da harshensu, waccan ta kira wata, kafin ka ce kwabo mata sun kewaye ni. Ashe ba a buƙatar suna. Fadamar kowa ya san ta.

Muka hau keke zuwa bayan gari. A hanya Madam Eno tana nuna mini inda a da fadamu ne. Wani wurin an cike da ƙasa an yi gidajen haya. Wani wurin kututture ne kawai a tsaye, ta ce masu bammi ne suka huda itatuwan, tukurwa kuwa in an sha ruwanta mutuwa take yi. Sai muka sha wata kwana, na ga duhuwa a gabanmu, tukurwa manya-manya sun haɗe kai, ganyensu na jan ƙasa, tsofaffi sun faɗi matasa sun taso a kansu. Gini ta gabas, gini ta yamma, ita kaɗai a tsakiya kamar an manta da ita. A bakin 'yar hanyar shiga an kafa sanda, a jikin sandar ga ƙulli. Bai ruɓe ba. Ya bushe dai, amma na bana ne.

Na tsaya a gabansa kamar yadda na tsaya a gaban turmi.

Mai sabunta ɗaurin wani tsoho ne da ake kira Ete Udo, ɗan wancan ƙanen mahaifin Kaka, wato ɗan wanda ya yi jayayyar. Yana yaro aka yi abin. Muka same shi a barandar gidansa. Bai yarda da ni nan take ba, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da ni ne ba zan yarda ba. Ya ce mutane da yawa sun zo da labarai a kan fadamar nan. Me na sani na gidan? Ba ni da takarda, ba ni da harshe. Sai na ba shi labarin Kunkuru, Madam Eno na fassarawa. Yana ji yana gyaɗa kai kamar wanda ake gaya wa abin da kowa ya sani, har na zo wurin da dattawa suka lura ƙullin a gindin tulu yake. Sai ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce a sauran gidaje cewa ake yi an kama Kunkuru da manja a hannu. Maganar gindin tulu ta baffansa ce, masaƙin nan, shi kaɗai yake faɗinta haka, don ya tsokani matarsa da take gajeruwa. Ya jawo ni ya kama kunnena yana dubawa, ya ce kunnen ma nasu ne.

Na tambaye shi abin da ya fi damuna. Su da suke ganin fadamar tasu ce, mai ita ta tafi ba labari, me ya hana su shiga?

Ya ce, "Ubana ya mutu yana cewa tasa ce. Amma bai taɓa yankar ganye ɗaya a ciki ba. Da yayansa ya rasu, shi ya ci gaba da sabunta ɗaurin, yana ɗaurawa yana zagi. Da ya rasu na karɓa. Ba a gama magana ba, yaya za a ci?"

Aka sa ranar zama. Na kawo akuya da goro da lemo, na ce su yi mini afuwa ban sayen giya. Wani dattijo ya ce ba komai, akuyar ta yi magana da harshen da kowa ke ji. Kafin a zauna Madam Eno ta ja ni gefe ta raɗa mini cewa akwai mai gini da ya daɗe yana zawarcin wurin, in hukunci ya faɗo gefena, shi da kuɗinsa a shirye suke. Ba zan ce raina bai biya ba. Na san darajar fili a bakin gari, a tsaye na auna abin da zai zama a shagona.

Dattawa suka saurari kowa. Suka ce kyautar da aka yi gaban shaidu kyauta ce, aure ba ya goge ta. Fadama ta Adiaha ce da zuriyarta. Ete Udo bai ɓata rai ba, sai ma ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya. Muka je bakin fadamar, ya kama gefe ɗaya na ganyen na kama ɗaya, muka warware. Mata suka yi guɗa irin tasu.

Sai aka ce, to, mai fadama, me za a yi da ita?

Na dubi tsohon nan, na dubi jikokinsa, cikinsu har da masu saƙa waɗanda ke sayen zare daga nesa alhali ga tukurwa a bayan ɗakinsu. Mutanen nan sun yi azumin wurin tun kafin a haifi uwata. Ni da na zo jiya, in sha ruwa da abincinsu? Na ce ba ta sayarwa ba ce, kuma kada a huda ta don bammi. Masu saƙa na gidan su shiga su yanki ganye yadda aka saba, abin da suka saƙa kuma ni ne mai saye na farko. Madam Eno ta ce, "Alhaji, ashe kai ma ba ka da wayo." Na ce mata wayon Kunkuru ne ba ni da shi.

Da na dawo Jos ban biya shago ba, Anguwan Rogo na wuce. Madafin Kaka yanzu an yi masa siminti, risho ne a inda murhu yake. A nan na sami Inna a kan kujera 'yar tsugunno. Na zaro busasshen ganyen daga aljihu na sa mata a hannu.

"Inna, ba su kwance ba. Jiranta suke yi. Sai da na je muka kwance."

Ta juya ganyen, ta shinshina shi. Can ta ce, "Ita tana nan tana jin kunyarsu, su suna can suna tsare mata. Allah ya kai mata labari."

Yanzu a gefen jarkokin manja akwai jakunkuna da tabarmin tukurwa a rataye. Ba wata riba ce ta a zo a gani ba, wani watan ma sai su yi ta shan ƙura. Masu saye sukan tambaya daga ina, in ce daga fadamar kakata, su ɗauka wasa nake yi. Tambayar da na yi ina yaro kuwa, me zai same ni in na yanke, na daɗe ina zaton amsarta tsoro ce. Da na ga tsohon nan da ya gaji gardamar ubansa ya kuma gaji haƙurinsa, sai na gane ba ganyen ne ke tsare kaya ba, kuma ba tsoro ba ne. Mutane ne suka yarda su riƙe hannunsu har a gama magana, kuma wannan yardar ce ta tara kasuwa a mahaɗar hanyoyi tun farko. Kwaɗona na Dilimi ɓarawo yake jinkirtawa kawai. Ina datse shi duk yamma, domin ni ba wawa ba ne. Amma na san wanda ya fi shi ƙarfi, na taɓa riƙe shi a hannuna, kuma ko nauyin tsinke bai kai ba.